Tambayi Likita: An cire min haƙori, yanzu bakina wari yake yi

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Likita. Ni tela ne a Funtuwa. Ranar Litinin aka cire min matauni na ƙasa da ya yi kogo. Yau Juma'a, bakina wari yake yi har maiɗakina ta yi min magana, kuma ina jin ɗanɗano kamar na tsatsa. Tun da aka cire ban sa buroshi ba, don tsoron kada in fama wurin. Ciwon dai da sauƙi. Ko wurin ruɓewa yake yi?

AMSA: Wa'alaikumussalam, Malam. Allah Ya ƙara sauƙi. Abin da ya kwantar min da hankali a wasiƙarka shi ne ciwon yana raguwa. Warin da ciwo ke raguwa tare da shi galibi ba ruɓewa ba ne, dauɗa ce ta taru.

Idan aka cire haƙori, jini ne ke cika gurbin ya daskare ya zama guda. Wannan gudan jinin shi ne murfin da ke rufe ƙashi har nama ya tsiro. Jinin da ya kwana a baki yana wari, shi ne ma ɗanɗanon tsatsar da kake ji. Ka haɗa da ɓurɓushin tuwo da ke maƙalewa a wurin, ga kwana huɗu ba a goge baki ba, ƙwayoyin cuta sun samu abinci. Tsoron nan naka na fahimce shi, kusan kowa yana yinsa, amma shi ya ƙara warin.

Yau ɗin nan ka koma goge baki, safe da dare. Buroshi mai laushi ko asuwaki, ka bi sauran haƙoran da bayan harshe, ka kewaye gurbin kawai. Sannan ka zuba rabin ƙaramin cokali na gishiri a kofin ruwan ɗumi, ka guntsa, ka karkata kai ruwan ya kwanta a kan wurin, ka buɗe baki ya zubo da kansa. Kada ka kurkure da ƙarfi, kada ka tofar. Ka yi haka bayan kowane cin abinci har mako guda. Ko a alwala a hankali za ka kurkure. Ga masu karatu da za a cire musu nan gaba: a awa 24 na farko ba a kurkure baki kwata-kwata, bayan nan ake fara ruwan gishirin.

Ka sha ruwa sosai, busasshen baki ya fi wari. Koko da kunu ka bari su huce. Fura da fate ba laifi, amma gyaɗa, goro da kilishi su jira. Kada ka zuƙi abin sha da tsinken roba, kuma don Allah kada ka sa tsinken sakace ko yatsa a ramin. In ka duba madubi ka ga wani fari-fari a gurbin, sau da yawa sabon nama ne, ba abinci ba. Ka ƙyale shi.

Akwai warin da ba na so a zauna da shi a gida. Wani lokaci gudan jinin yana fita ko ya narke tun wurin bai warke ba, ƙashi ya zauna a fili. Yakan bayyana ne tsakanin kwana 2 zuwa 4 bayan cirewa, an fi ganinsa a matauna na ƙasa irin naka, da masu shan sigari ko shisha, da mata masu shan ƙwayar tazarar haihuwa. Alamarsa ba ta ɓuya: ciwon da ya lafa sai ya dawo da zugi, ya harba har kunne, farasitamol ba ya taɓa shi, ga ɗoyi. Wannan sai likitan haƙori. Zai wanke ramin ya cusa magani a ciki, mutum yakan ji sauƙi nan da nan. Ba na goyon bayan a je kemis a sayi kafso a yi ta haɗiya, domin ba shi ne maganinsa ba. Haka nan kada a danna asfirin a dasashi, ƙona naman yake yi.

In kumatu ya ci gaba da kumbura bayan kwana 3, ko zazzaɓi ya zo, ko mugunya na fita, ko baki ya ƙi buɗuwa, a koma asibiti a ranar. Kumburin da ya sauko ƙarƙashin haɓa har haɗiya ko numfashi ya yi wuya, ko da tsakar dare ne a tafi.

Ba ka faɗa min ko kana shan taba ba. In kana sha, ka ajiye ta har wurin ya rufe. In kana da ciwon suga, ka gaya wa likitan da ya cire maka, don mikin mai suga yana jinkirin warkewa. Warin ya kamata ya ragu cikin kwana biyu ko uku da fara gogewa. In mako ya zagayo yana nan, ka je a duba, wataƙila wani haƙorin ne ko dasashi ke da matsala.