Suga ta fara hawa: na'urar gwaji zan saya ko ƙwayoyin intanet?

Tambaya: Shekaruna 44, kuma ina da ƙiba. An gwada jinina da safe kafin in ci komai aka samu 112, likita ya ce ina gab da kamuwa da ciwon suga. Da shi mahaifina ya rasu. In sayi na'urar gwaji ta gida, ko ƙwayoyin da na gani a Facebook an ce suna warkarwa cikin wata guda?

Amsa: Allah Ya jiƙan mahaifinka, Malam. Ƙwayoyin nan ka fita harkarsu, ba ka san abin da aka zuba a ciki ba. Masu tallarsu kasuwa suka hango: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu ciwon suga sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022, akasarinsu nau'i na biyu, wanda ya fi kama manya, kuma fiye da rabinsu ba sa shan magani.

Kai da sauranka. A irin gwajin da aka yi maka, daga 100 zuwa 125 jiki ya fara ƙin jin insulin, sinadarin da ke daidaita suga a jini, amma sai an samu 126 ko fiye, an kuma maimaita gwajin, ake cewa ciwon ya kama. A wani babban bincike na Amurka da ya fito a 2002, an sa masu ƙiba da ke wannan mataki su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58, na waɗanda aka ba maganin suga mai suna metformin kuwa da kashi 31. Wato tafiya da sauri ta rabin awa, kwana biyar a mako, da rage ci, musamman lemon kwalba. Wannan nake roƙonka ka fara gobe.

Na'ura ba dole ba ce gare ka yanzu. Ka tanadi kuɗin don gwajin HbA1c duk shekara, mai nuna matsakaicin sugar jini ta wata biyu zuwa uku.

Tambaya: Mahaifiyata tana allurar insulin. Wace na'ura ce ta fi?

Amsa: Ita kam tana buƙata, 'yar'uwa, don insulin na iya saukar da suga ƙasa sosai. Kafin ki dubi na'urar, ki tambayi kuɗin tsinkayen gwajinta da ko ana samunsu kullum, domin su za ki yi ta saye, kuma na wani kamfani ba sa shiga na wani. Ki duba ranar lalacewarsu. Mama ta wanke hannu ta shanya kafin ta huda yatsa, don ɗan zaƙin da ya maƙale a fata na iya ɗaga lambar.