Hukuncin ba da kwaroron roba ga maza masu neman maza da ke shan ƙwaya

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu cutar ƙanjamau. Cikin masu zuwa wurinmu akwai maza masu neman maza, wasunsu da matan aure a gida. Sun faɗa mini sukan sha ais ko tiramadol don su daɗe suna abin, kuma in ƙwayar ta hau kansu ba sa tunawa da kwaroron roba. Aikina ne in gwada jininsu, in ba su kwaroron da maganin riga-kafi. Zuciyata ta kasa natsuwa. Shin taimaka musu nake yi a kan saɓo? Kuma ya halatta in sanar da matansu?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. 'Yata, Allah ya saka miki da alheri da kika tambaya.

Luwaɗi haramun ne, babu saɓani a kai tsakanin mazhabobi huɗu. Ƙwayar ma haka, domin Annabi (SAW) ya ce duk abin da ke sa maye giya ne, kuma duk mai sa maye haramun ne, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Wannan kin riga kin sani. Abin da ke damunki shi ne faɗin Allah a Suratul Ma'ida: "Kada ku taimaki juna a kan zunubi da ƙetare iyaka."

To, taimako a kan zunubi shi ne abin da in ba shi saɓon ba zai auku ba, ko ya ƙara wa mai yinsa sauƙi da kwaɗayi. Mutumin da ya zauna gabanki, katinsa a hannu, kansa a sunkuye, bai jira kwaroronki ba kafin ya fara, kuma hana shi ba zai sa ya daina ba. Abin da hanawar za ta ƙara kawai shi ne cuta. Binciken da gwamnatin Najeriya ta yi a 2018 ya nuna kashi 1.4 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 49 ne ke ɗauke da ƙanjamau, amma wani bincike na daban ya nuna a cikin maza masu neman maza abin ya kusa mutum ɗaya cikin huɗu. Ƙwaya kuma tana ƙara dagula lamarin. Ais kan hana barci da jin ciwo, mutum ya kwana biyu yana abu ɗaya, fata ta goge ta yi rauni, cuta ta sami ƙofa. Wasu allura suke yi da sirinji ɗaya, sai ciwon hanta ya biyo baya. Wanda yake kan magani ma yakan tsallake shan sa, ƙwayar cutar da ta kwanta ta sake tashi. Daga nan sai ya koma gida wurin matar da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba, ita da cikin da take ɗauke da shi.

Nan ne ƙa'idar malamai ta shigo: idan cuta biyu suka haɗu, ana ɗaukar mafi sauƙi don a kauce wa mafi girma. Asalinta hadisin da Imamu Malik ya kawo: "Babu cuta, babu cutarwa." Idan maƙwabcinki ya jawo gobara da gangancinsa, ba za ki hana ruwa ba don kina fushi da shi, alhali wutar tana cin katangar marayu. Don haka gwajin jini, da ba da kwaroron roba, da maganin riga-kafi na kullum, da wanda ake farawa cikin awa 72 bayan an yi kasada a sha na kwana 28, duk halal ne a gare ki, albashinki kuma halal ne. Ina ma fatan ki sami lada idan kin yi niyyar tsare rai.

Sharaɗin shi ne kada harshenki ya halatta abin da Allah ya haramta. Idan ya ba ki fuska, yi masa nasiha a asirce, cikin taushi, ki tura shi wurin likitan da ke taimaka wa masu son rabuwa da ƙwaya, don sau da yawa ita ce igiyar da ke jan sauran. Ban yarda da tsangwama da zagi ba ko kaɗan. An sha kawo wa Annabi (SAW) wani mashayin giya, da wani ya tsine masa sai ya hana. A wata ruwayar ta Bukhari ya ce kada ku taimaki Shaiɗan a kan ɗan'uwanku. Wanda aka wulaƙanta a asibiti ba ya dawowa, kuma cutar ba ta tsaya a jikinsa shi kaɗai ba.

Game da matarsa kuwa, abin da majiyyaci ya faɗa miki amana ne. Tona shi ga 'yan unguwa ko danginsa haramun ne, musamman da yake muna ganin yadda ake ɗaukar doka a hannu a kashe mutum a kan zargi. Amma matar tana da haƙƙi. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta halatta buɗe sirrin majiyyaci idan ɓoyewar za ta jawo cutar da ta fi girma, a zamanta na Abu Dabi a 1995 kuma ta ce mace tana da ikon neman rabuwa da mijin da ke ɗauke da ƙanjamau. Fara da shi kansa: matsa masa ya gaya mata, ko ya kawo ta a gwada su tare. Idan gwaji ya nuna yana da cutar, ya ƙi faɗa, ya ƙi magani, ya ƙi kariya, sai ki kai maganar ga likitan da ke sama da ke, a bi tsarin asibiti a sanar da ita. Abin da za a gaya mata shi ne tana cikin haɗarin cuta, ta zo a duba ta. Yadda ya kamu ba ya cikin abin da lalura ta halatta a faɗa.

Wallahu a'alam.