Katinka bai fito ba, bar Tanja tukuna

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan Katsina ne, sati biyar ke nan da zuwana Granada ta ƙasar Sifaniya, ina kwas ɗin Sifaniyanci na wata tara. 'Yan ajinmu, yawanci Amurkawa da Jamusawa, kowane ƙarshen mako sai sun fita gari, wannan karon Maroko za su. In bi su? Katin zamana bai fito ba. Baba kuma ya ga hotunana a WhatsApp, ya ce karatu ya tura ni ko yawo? Ina kuma neman ɗan aikin da zai rage mini kuɗin haya.

Amsa: Wa'alaikumus salam ƙanena. Kada ka bi su Maroko. Daga Tarifa ta Sifaniya zuwa Tanja ta Maroko tafiyar kamar awa ɗaya ce a jirgin ruwa, shi ya sa suke ganin abin tamkar tsallaka titi. Amma fasfonsu daban, naka daban. Ba'amurke da Bajamushe ba sa neman biza, mai fasfon Najeriya sai da ita. Ko ka samu, ka fita daga yankin Shengen ke nan, wato ƙasashen Turai da suka ɗage binciken iyaka a tsakaninsu, kuma dawowar ita ce abin ji. 'Yar takardar da 'yan sanda suka ba ka ran da ka dangwala yatsa, wadda suke kira resguardo, shaida ce kawai cewa ana buga maka katin zama, wato TIE, ba takardar tafiya ba ce. In ma ba ka je dangwalen ba, to ka makara, don wata ɗaya doka ta ba ka daga ranar shigowa. Gobe ka nemi cita previa, wato a sa maka ranar zuwa dangwalen, ka riƙe shaidar rajistar adireshinka ta majalisar gari, wato padrón.

Ban ce ka zauna a ɗaki ba. Harshe ba ya zama a baki daga allo. Malamarku za ta furta kowane harafi tsaf, amma direban bas ɗin Andalus haɗiye "s" yake, garin ma "Graná" yake ce masa. Shi za ka je ka saurara. Sai dai in ka bi ayarin Amurkawa goma, Turanci za ku wuni kuna yi. Ka fita da mutum ɗaya, kai ne mai sayen tikiti, kai ne mai tambayar hanya. A gidan abinci ka saba da cewa "sin cerdo", wato ban da naman alade, domin a Granada ko lemo ka saya sai an haɗo maka da ɗan abin taɓawa kyauta, kuma sau da yawa akwai naman alade a ciki. Fasfonka ya kasance a jikinka kullum.

Ka fara da Kurɗuba (Córdoba), ƙasa da awa uku a bas. A shekarar 785 aka soma gina masallacinta, yanzu coci ne, kuma ba a barin kowa ya yi salla a ciki, kada ka gwada. Juma'a kuwa ka hau unguwar Albaicín a nan Granada, akwai masallacin da aka buɗe a 2003, daga farfajiyarsa kana kallon fadar Alhambra. Tikitin fadar da sunanka ake bugawa, yana ƙarewa da wuri, sai ka saya ta intanet tun da sauran makonni.

Batun aiki, awa 30 a mako da kake ji ana faɗa na ɗaliban manyan makarantu ne, ba lallai ya shafi mai kwas ɗin harshe ba, ga shi an sake dokar baƙi a watan Mayun 2025. Katin ne zai gaya maka: ko "autoriza a trabajar", wato an yarda ka yi aiki, ko da "no" a gabanta, wato ba a yarda ba. Aikin ɓoye a kicin ɗin wani zai iya ɓata maka sabunta takardu.

Shi kuwa Baba bai yi laifi ba. Naira ya canza ta zama yuro, sai ya ga ɗansa da baƙin tabarau a gaban wani tsohon gini. Ka daina bari ya tsinci labarinka a hoto. A lokacin sanyi agogonku ɗaya da na Katsina, ka kira shi daren Juma'a bayan isha'i, ka ce gobe za ka Kurɗuba, garin da aka haifi Alfazazi mai Ishiriniya, kuɗin mota kaza ne. Ka tambaye shi ko yana son ka ɗauko masa hoton mihrabin.