Amsa ga malamar CM2 da aka manta da sunanta ranar raba kyauta

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ƙanwata, ke da kika rubuto cewa yaranki na CM2, ajin ƙarshe na firamare, su suka kwashe mafi yawan kyaututtukan da aka raba a komin ɗinku bana, aka kira direkta aka ba shi takardar yabo, aka gode wa anspekta, aka gode wa magajin gari, ke kuwa ko sunanki ba a ambata ba, har kina tambaya ko ki daina darasin Laraba da yamma da na Asabar da kike yi kyauta, ko kuwa ki kai ƙara. Wallahi da na karanta sai na ji kamar ni na rubuta. Sannu. Sannu ƙwarai.

Na ga masu ce miki ki yi haƙuri, ladanki na wurin Allah. Babu mai ja da wannan. Amma da yawa cikin masu faɗa ba su taɓa tsayawa gaban yara sama da 80 a zafin Afrilu na Damagaram ba, alli ya ƙare, murya ta dishe, pekil, kuɗin wata na ɗan kwantaragi, bai sauka ba, mai gidan haya yana aiko yaro kullum. Wanda ya tsaya ya san abin da ke ci miki rai ba takardar ba ce, a ce an yi kamar ba ki nan ne.

Ni abin ya same ni tun ina ƴar kwantaragi, kafin a soke jarabawar satifika, wannan da aka dawo mana da ita a 2024. Ba zan faɗi lakwal ɗin ba, ba zan faɗi mutumin ba, yana nan da ransa. An ba ni CM2 ne don babu mai so. Rabin ajin ba su iya karanta layi ɗaya ba tare da sun cije ba, an dai yi ta turo su daga CE, azuzuwan tsakiya, zuwa CM don na baya su samu wurin zama. Na koma da su tun daga haruffa, manya-manyan yara, wasu har sun fara jin kunyar ɗaga ardwaz. Kuɗin fotokofi daga aljihuna. Ina goyon ciki a lokacin, kabu-kabu ke kawo ni, ranar da babu na taka da ƙafa. Da sakamako ya fito ajin da ake yi wa dariya shi ya wuce kowa, kuma wata yarinyata, ɗiyar mai sayar da ƙosai, ita ta zo ta ɗaya.

Ranar bikin an kafa rumfuna, an jera kujerun roba, mu malamai mun yi anko, ni bashi na ci na ɗinka nawa. Ina isowa direktan ya tare ni tun daga ƙofa, ya ce, "Madam, ke kika san yaran nan, ki tsaya can baya ki jera su, kuma ki sa ido kan ruwan baƙi." Na ce to. Ina can baya ina fasa ƙullin ruwan leda na ji shi a lasifika yana cewa shi da kansa yake zuwa duk Asabar ya zauna da yaran nan har azahar. Shi da ko makullin aji sai na bi shi gida kafin in samu! Shi da ya taɓa ce mini idan na ci gaba da buɗe lakwal ranar hutu, duk abin da ya ɓace ni zan biya! Aka yi ta tafi. Ya ambaci uwargidansa, wai da haƙurinta aka kai ga wannan nasara. Ya ambaci wani ɗan kasuwa da ya ba da kaye da bik, wanda ko hanyar ajinmu bai sani ba. Da aka kira yarinyar nan ta karɓi jakarta, ta yi ta waige-waige tana nemana, shi kuwa ya riƙe kafaɗarta ya juyo da ita wajen mai hoto. Hoton nan ya daɗe a bangon ofishinsa, duk lokacin da na shiga sa hannu sai na gan shi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma bai tsaya nan ba. Da aka koma a Oktoba sai na tarar an ba wata ƴar uwar matarsa CM2, tunda yanzu ajin ya yi suna, ni kuma an mayar da ni CI, ajin farko, a ajin zana can ƙarshen fili, inda iska ke kwaso rairayi ta zuba wa yara a ido. Da na tambaye shi dalili, ko kallona bai yi ba, ya ce ɗan kwantaragi ba ya zaɓen aji. Na shiga bayan rumfar nan na yi kukan da ban yi ba ranar biki. Shekarun baya na haɗu da shi a Kasuwar Dole, ya tsufa, ya gaishe ni da fara'a har yana ce wa wanda suke tare, "Ga ɗaya daga cikin yaran da na horar." Na amsa gaisuwa don girman furfura. Har yau idan na tuna sai in ji wani abu ya tokare mini ƙirji, kuma ban ce na yafe ba tukuna, kada wani ya zo ya yi mini wa'azi a ƙasa.

To, kada ki daina darasin. Idan kika daina, direkta ba abin da zai rasa, takardarsa tana cikin firam. Waɗanda za su rasa yaran da iyayensu ba su da kuɗin lakwal mai zaman kanta ne, ba su da na mai koyarwa a gida. Amma ki daina yin sa a ɓoye. Ki rubuta takarda da hannunki, ki ce kina neman izinin yin darasin ƙari a rana kaza da rana kaza, ki kai wa direkta ya sa hannu ya buga hatimi, ki ajiye kwafi. Ki sa a kawo maganar a taron COGES, kwamitin kula da lakwal, a rubuta ta cikin takardar bayanin taro da sunanki cikakke. Ki samu kaye guda na darasin nan kaɗai: kwanan wata, abin da aka yi, yaran da suka zo. Ki ajiye makin da suka samu a gwajin farkon shekara kusa da na kompozisiyon ƙarshe. A aikin gwamnati abin da ba a rubuta ba, ba a yi shi ba, kuma wanda ya riga kai takarda shi ne mai aikin.

Sannan ki roƙi konseye, mai ba malamai shawara kan koyarwa, ya zo ya ga ajinki. Mu malamai muna gudun ziyara kamar sammaci, alhali ita ce kaɗai hanyar da wani na sama zai ga aikinki da idonsa ba ta bakin direkta ba. Ki tuna 2017, lokacin da aka yi wa ƴan kwantaragi jarabawar tantancewa a faɗin ƙasa. Mutane nawa aka sallama? A cikinsu akwai waɗanda da gaske ba su iya ba, wannan kowa ya sani, amma na san wata da yaranta ke karatu tiryan-tiryan, ranar jarabawa ta ruɗe, kuma babu ko takarda ɗaya a dosiyenta da za ta yi mata shaida. Yanzu tana sayar da atamfa. Duk lokacin da na wuce ta wurinta sai ta tambaye ni labarin aji.

Maganar ƙara kuwa, a'a. Me za ki ce? Ba a kira sunana ba? Babu dokar da aka karya, za a yi miki murmushi a ce an ji, sannan labari ya riga ki komawa lakwal. Ke da ba ki samu lambar matirkil ta cikakken ma'aikacin gwamnati ba tukuna, afektasiyo ɗaya ta isa a jefa ki ƙauyen da sai kin kwana a hanya. Kuma don Allah kada ki bari wani ya zuga ki ki je gidan rediyo, ko ki saka hotunan yaran mutane a Facebook don ki nuna naki ne. Idan ya taɓa ajinki ko ya taɓa haƙƙinki, wannan daban, ki je wurin wakilin sandika da takardunki a hannu. Su ma dai, Allah ya gyara, sai lokacin yajin aiki suke tunawa da lambar wayarmu.

Wani abin da ya fi ba ni haushi ma, ba mu kaɗai ake mantawa ba. A waccan lakwal akwai wani dattijo mai gadi. A garin nan da kowa ya san yadda ruwa ke yi mana, famfo ya yi kwanaki ko ɗigo babu, shi ke tura kura da bido tun asuba don yaran Asabar su samu abin sha. Shi ke rako ƴan matan da yamma ta yi musu har bakin titi. Ya rasu ba a taɓa kiran sunansa a lasifika ba. Ga iyaye mata na AME, ƙungiyar uwayen yaran lakwal, su ke bi gida-gida su karɓo yarinya daga bakin talla, su lallashi uba ya ɗaga biki sai bayan jarabawa. Ga malamar CI da ta CP, aji na biyu, waɗanda in ba su kafa tushe ba, mu na CM2 ba mu da abin ɗorawa. Wannan na gane shi ne a ajin zanan da aka jefa ni don a hukunta ni. Ke ma ki duba, cikin yaran da suka ci miki kyauta akwai hannun wata da ke can tana fama da ƴan shekara 6, ita ko anko ba a gaya mata ba. Ki je ki gode mata.

Tunda na ambaci zana: wanda duk ke da aji irin wannan ya raba shi da masu tuya da masu shayi, ya bar ƙofa biyu. Ba mu manta da gobarar Yamai ta Afrilun 2021 ba, da ta Maraɗi a Nuwamban shekarar, aƙalla ƙananan yara 20 suka rasu a kowane wuri. Ni tun daga lokacin ko warin hayaƙi na ji a lakwal sai na fita na duba. A zo a yi biki a raba jakunkuna, a tafi a bar yara cikin kara, wannan ma abin a faɗa ne ranar da manya suka zo.

Ban ce duk direktoci haka suke ba. Wadda nake ƙarƙashinta yanzu, ranar raba kyauta takan sa kowane yaro da aka kira ya faɗi sunan malamansa tun daga CI, sannan ta tayar da mai gadi da mai shara a tafa musu. Ko dala ba ta kashewa a kan wannan, amma ki ga yadda malamai ke rige-rigen karɓar aji mai wuya a wurinta. Ki kai wannan shawara taron malamai tun farkon shekara, kafin a san ajin wa zai ci, don kada a ce don kanki kike yi. In an ƙi, ku malamai ku yi naku ranar 5 ga Oktoba, ranar malamai ta duniya, ko da lemo da biskit ne. Garin da ke da makarantar horon malamai ta Askia Mohamed, garin da aka fara gwajin koyarwa da Hausa tun 1973, bai kamata a ce sai an koya mana yadda ake girmama mai riƙe da alli ba.

Kuma kada ki bar kyautar ta rufe miki ido. Na ɗaya da na biyu ko ba ke za su yi wani abu. Yaron da nake alfahari da shi a duk aikina bai taɓa cin ko fensir ba. Ɗan Kara-Kara ne, yayyensa duk suna fale, wato gungun matasa masu daba, kowa ya sallama shi. Ya samu satifika da ƙyar, ya yi koleji har brebe, yau yana gyaran babura da yaransa a ƙarƙashinsa, yana rubuta lissafinsa da kansa. Ko a tsakiyar titi ya gan ni sai ya sauka ya durƙusa, kuma ya hana a karɓi kuɗina. Ita kuma ɗiyar mai ƙosai ta bi ta Lise Kuran Daga ta shiga Jami'ar André Salifou. Da za a yi aurenta uwar ta aiko mini goro da turmi, ta ce ba su manta da wadda ta tsaya a baya tana raba ruwa ba. Iyaye suna gani, ƙanwata, sun san wa ke buɗe aji ranar Asabar.

Abin da zan roƙe ki, ki bi ƴan matanki har siziyem, ajin farko na koleji. A nan muke asararsu. Yarinya ta zo ta ɗaya a CM2, ta shiga koleji (CEG) mai nisa da gida, malamai da yawa babu wanda ya san sunanta, maki ya faɗi, kafin shekara ta zagayo ki ji an sa rana. Ki karɓi lambar uwayensu, ki riƙa tambaya. Waɗanda za ki karɓa bana kuma ki duba takardun haihuwarsu tun Oktoba. Kullum sai an zo haɗa dosiye ake gano yara da yawa ba su da ita, a shiga guje-gujen kotu neman takardar da za ta maye gurbinta, wani yaron har ya rasa jarabawa a kan abin da ba laifinsa ba.

Ki kula da muryarki ma, ki rage ruwan sanyi bayan darasi, kuma ranar Asabar kada ki wuce ƙarfe 11, ke ma kina da gida. Ina da tsofaffin fish ɗina na lissafi da na dikte na CM2, an ɗan ci gefensu amma suna karantuwa. Ki yi mini magana ta gefe in gaya miki inda za ki turo yaro ya karɓa, ki yi fotokofi ki dawo mini da su, don akwai wata a Garin Malam da na riga na yi wa alkawari.