Shin 1,000,001 tana rabuwa?

Ɗan'uwa, ka ce 2, 3, 5, 7 da 11 duk sun kasa raba 1,000,001 daidai, shin tana cikin lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu? A'a, tana rabuwa: 101 sau 9,901 shi ne 1,000,001 cif.

Ɗalibaina a nan Garwa a wannan wurin suke tuntuɓe, abin yana damuna ƙwarai. Su gwada huɗu ko biyar, su gaji, su yanke hukunci. Kafin ka ce ba ta rabuwa, sai ka gwada raba ta da duk lambobin da ba sa rabuwa sai da 1 da kansu har zuwa 1,000, domin 1,000 sau 1,000 ne miliyan, don haka in tana rabuwa, ɗaya daga cikin masu raba ta ba za ta wuce 1,000 ba. Guda 168 ne, 101 kuwa ita ce ta 26.