Tambaya da Amsa: Ƙudan da ya yi shigar zuma, ya ake gane ko sabon jinsi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, ya aiki ya iyali. Ni ɗaliba ce ina karanta bayoloji a kwalejin ilimi. A gonar waken babanmu na ga wani ƙwaro kamar zuma sak, ratsin rawaya da baƙi, sai dai shi tsayawa yake cak a iska a kan fure kamar an rataye shi da zare, ƙanina ma ya cafke shi da hannu bai harbe shi ba. Malaminmu ya ce ƙudan fure ne, wai har yanzu ana gano sababbin jinsinsa. To dan Allah ya ake sanin sabo ne, kuma wannan da na gani zai iya zama sabo? Na ɗau hotonsa a waya. Daga 'yarka a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yata, Allah ya yi miki albarka, wallahi tambayar nan ta faranta min rai. Malaminku ya yi gaskiya, ƙuda ne ba zuma ba, masana na kiran danginsa Syrphidae kuma an san jinsi wajen 6,000 a duniya. Ki ƙirga fukafukai, zuma huɗu gare ta shi biyu kacal, a bayansu akwai wasu 'yan ƙulla-ƙulla kamar kan ashana da suke daidaita masa tashi. Idanunsa manya sun kusa cinye kan gaba ɗaya, a mafi yawan jinsi na namiji har haɗewa suke a sama, na mace da rata. Bai da ƙari sam, shigar zuman kariya ce don tsuntsu ya ji tsoro ya ƙyale shi. Amma ki ja wa ƙaninki kunne fa, wata rana rina zai damƙa.

Naki kuwa, tunda a gonar wake ne, hankalina ya fi karkata ga wanda ake kira Ischiodon aegyptius, yana ko'ina a Afirka kuma tun 1830 aka raɗa masa suna. Abokin manomi ne na gaske, tsutsarsa darɓa take ci, ɗaya tak tana iya cinye ɗaruruwa kafin ta rikiɗa, shi ya sa raina ke ɓaci in na ga an yi wa gona feshi ba ji ba gani an haɗa da mai laifi da mai gadi.

To batun sabo. Ba wai yau aka halicce shi ba, a'a, yana nan tun tale-tale, ba a dai shigar da shi rajistar masana ba ne. Kuma sau da yawa ba a wani ƙungurmin daji ake samo shi ba, yana nan a cikin akwatin ajiya an lulluɓe shi da sunan wani. Bari in ba ki misalin da na fi so. Akwai wani ƙudan fure a Turai, Microdon mutabilis, Carl Linnaeus na ƙasar Suwidin ne ya sa masa suna a 1758. Tsutsarsa a gidan tururuwa take zama tana cin 'ya'yansu, siffarta ma kamar ɗan dodon koɗi marar kwanso, har masanan da can suka taɓa rubuta irin waɗannan tsutsotsi a sahun dodon koɗi. Shekara 244 ana ɗauka jinsi ɗaya ne, sai a 2002 Karsten Schönrogge da abokan aikinsa a Biritaniya suka lura cewa wasu a gidan tururuwar Formica lemani kaɗai ake samunsu, wasu kuma a gidan Myrmica scabrinodis a ƙasa mai dausayi, manyan ƙudajen in kin jera su da ƙyar ki bambance amma da aka duba kwanson da tsutsar ke rikiɗa a ciki sai ga bambanci a 'yan bututun numfashi. Nan aka raba su, na biyun aka sa masa Microdon myrmicae. Kin ga abin da ya jawo, ƙudan da dama can ba shi da yawa ashe ma biyu ne, kowanne ya fi yadda ake zato ƙaranci, dole a sake lissafin yadda za a kare su.

Shi ya sa hoton waya ba ya yanke hukunci, zai dai kai ki bakin ƙofa. Launi na yaudara, jinsi ɗaya yakan yi duhu ko haske gwargwadon sanyi ko zafin da ya tashi a ciki. Abin da masani zai yi, ya soke ƙudan da siririyar allura ya sa a maikuroskof, ya bi jijiyoyin fiffike ɗaya bayan ɗaya, akwai ma wata da ake ce wa jijiyar ƙarya wadda ba ta haɗe da komai a ƙarshenta kuma ita ce tambarin dangin nan, ya duba gashin ido da tudun fuska da kaurin cinyar baya. Sai babban aikin, a cire al'aurar namijin a jiƙa a sinadari a zana ta, don nan ne jinsunan da suka yi kama suka fi rabuwa. Tun 2003 da Paul Hebert na Jami'ar Guelph a Kanada ya kawo dabarar karanta ɗan guntun ƙwayar halitta mai harafi wajen 650, ƙafa ɗaya ta isa a gwada a ga ko ya yi nisa da 'yan uwansa. Amma ko ita ba ta isa ita kaɗai ba, shaida ɗaya ce cikin shaidu.

Bayan nan sai haƙuri, a bi tsofaffin bayanai kaf, wasu da Latin wasu da Jamusanci, a nemi ainihin ƙudajen da aka raɗa wa sunayen da a gidajen ajiya na Landan ko Faris a kwatanta, don ƙa'ida ita ce sunan da ya riga shi ke da gida, in ka sa sabo a kan mai suna naka ya faɗi. In an tabbata babu shi sai a zaɓi guda ɗaya ya zama ma'aunin jinsin, a ajiye a gidan da kowane mai bincike zai iya zuwa ya gani, a rubuta kamanninsa da abin da ya raba shi da makusantansa, a ba shi suna mai kalma biyu a buga a mujallar masana. Daga 2012 an yarda a buga a intanet kawai muddin an yi rajista a ZooBank, wato kundin rajistar sunayen dabbobi na duniya.

Kar ki karaya don na ce naki ƙila sananne ne. Afirka kudu da Sahara jinsi kusan 600 aka sani, kuma masanan da kansu sun yarda ƙarancin masu dubawa ne ya sa adadin ya tsaya haka. A 2015 Kurt Jordaens na gidan tarihin Tervuren a Beljiyam da Georg Goergen na cibiyar binciken noma ta IITA a Kwatano da abokansu sun buga aiki kan gwajin ƙwayar halittar ƙudajen furen Afirka, aikin kuma bai ƙare ba, fadamunmu da lambunan albasa da karas na jiran mai ido irin naki.

Ki samu tsohon gidan sauro ki ɗinka ragar kama ƙwari da wayar ƙarfe da sanda, ki fita da hantsi lokacin da suke kan fure. Ki kama kamar biyar, ki tabbata da maza a ciki, ki zuba a 'yar kwalba da sipirit mai ƙarfi na ɗakin gwaji. Takardar shaida ki rubuta da fensir don tawadar biro narkewa take, sunan gari, kwanan wata, furen da kika same shi a kai, da sunanki, ki jefa ta cikin kwalbar. Sai ki ba malaminku ya haɗa ki da sashen kare amfanin gona na jami'a mafi kusa da ku, in sun duba ki rubuto min abin da suka ce.