Na karye a haɗarin bas, ana ce min neman diyya ja da ƙaddara ne

Tambaya: Assalamu alaikum, Allah ya gafarta Malam. Ni tela ne, wata biyar da suka wuce na hau bas daga Kano zan je Kaduna sarin yadi, mun wuce Kwanar Ɗangora kaɗan tayar gaba ta fashe motar ta yi ta ƙundumbala da mu. Tun a tasha mun ga tayar ta suɗe mun yi magana direban ya ce mu yi salati kawai, ga lodi ga gudu kamar zai tashi sama. Na karye a cinya, an cire min yatsu biyu a hannun dama, na kwanta a asibitin ƙashi na Dala har sai da na sayar da keken ɗinkina ɗaya. Mai motar sau ɗaya ya aiko aka duba ni shi kenan. Wani lauya ya ce in shigar da ƙara inshora za ta biya, amma kawuna ya ce in na yi haka na ja da ƙaddara kuma kuɗin inshora haramun ne. Malam mene ne gaskiya?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Sannu ɗan'uwa, Allah ya ba ka lafiya ya sa kaffara ne.

Ya halatta ka nemi diyyarka, a zaman sulhu ko a kotu, kuma ba ka da zunubi ko na ƙwayar zarra. Kawu ya faɗi haka ne don yana so ka samu lada, Allah ya saka masa, amma maganar tasa ba ta hau ba. Allah da ya ƙaddara haɗarin ai shi ne ya saukar da aya ta 92 a Suratun Nisa'i, inda ya ce wanda ya kashe mumini bisa kuskure ya 'yanta baiwa ko bawa kuma a miƙa diyya ga iyalan mamacin sai fa in su suka yafe. Duba da kyau, kuskure aka ce ba ganganci ba, wato mutumin bai yi niyya ba, kwana ne ya ƙare, amma duk da haka aka ce a biya. To in karɓar diyya ja da ƙaddara ne yaya Allah zai shar'anta ta? Da ka je Dala aka yi maka aiki a cinya ba wanda ya ce ka ja da ƙaddara, to neman haƙƙi ma haka yake. Sayyidina Umar da ya juyo daga hanyar Sham saboda annoba aka ce masa gudun ƙaddara kake, ya ce eh muna gudu daga ƙaddarar Allah zuwa ƙaddarar Allah.

Wannan abu yana ci min tuwo a ƙwarya wallahi, don na sha zuwa dubiya in tarar da mutum kwance an rataye masa ƙafa da ƙarfe, matarsa a gefe tana lissafin abin da ya rage a gida za a sayar, sai ga wakilan mai mota sun shigo da ledar lemo da ayaba, a yi addu'a a shafa, wani dattijo ya ce ai mu ba ma cin kuɗin jini, shi kenan magana ta mutu, shi mara lafiyan ko buɗe baki ba a bari ya yi ba. Yafiya alheri ce babba kuma Alƙur'ani ya kwaɗaitar da ita, amma ta mai haƙƙi ce, shi zai yi ta da ransa ba a matsa masa da kunya ba. Kuma in a cikin masu haƙƙin akwai yaro ko maraya to ba wanda ya isa ya yafe rabonsa, ko waliyyinsa ne.

Sai batun wa ke da laifi. A Risala ta Ibn Abi Zaid da muke karantawa tun a zaure an ce mai kora dabba da mai janta da wanda ke kanta duk suna lamunin abin da ta taka. Mota ta ma fi dabba a nan don ita ba ta da ra'ayin kanta, inda aka juya sitiyari nan take bi. Majalisar fiƙihu ta ƙasashen Musulmi a zamanta na Brunei a 1993 ta tabbatar da cewa bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin ɓarnar da ya yi sai in abu ne da ya fi ƙarfinsa wanda ba yadda zai kauce masa, ko wanda aka ji wa raunin shi ya jawo, ko wani daban ne ya yi sanadi. Da a ce taya lafiyayya ce yana tafiya daidai ƙa'ida ya taka wani ƙarfe da ba ya gani, da sai mu ce ba komai a kansa. Amma yadda ka faɗa, an nuna masa taya ta suɗe ya ƙi ji, ya yi lodi fiye da kima, ga gudu alhali dokar hanya ta ƙayyade wa bas kilomita 90 a awa ko a babban titi mai hannu biyu, wannan sakaci ne ƙarara, kuma mai motar da ya sake ta a titi da irin wannan taya shi ma yana da nasa kason. Sai dai ni ɓangare ɗaya na ji, fatawa nake bayarwa ba hukunci ba, alƙali ne zai ji ta bakinsu ya tabbatar.

Nawa ne haƙƙin naka? Takardar da Manzon Allah (SAW) ya rubuta wa Amru bin Hazm, wadda Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa, ta ce rai raƙuma 100, ido ɗaya 50, hannu 50, ƙafa 50, kowane yatsa 10, haƙori 5. Yatsunka biyu in daga tushe aka cire raƙuma 20 ke nan, kashi ɗaya cikin biyar na cikakkiyar diyya. Cikakkiyar a zinare dinari 1000 ce, dinari kuwa giram 4.25, ka ga naka dinari 200 wato giram 850 na zinare, ka je wajen masu sayar da gwal ka tambayi kuɗin giram ɗaya za ka san ba ƙaramin abu ake ce maka ka bari ba. Da yake bai kai sulusin diyya ba, a mazhabar Malikiyya daga dukiyar mai laifin za a biya ba a kan danginsa ba. Karayar cinya ita ba a yanka mata adadi ba, ana jira sai ta warke, in ta bar maka ɗingishi ko tawaya masana su ƙiyasta abin da ka rasa, kuma Ibn Arafa cikin malamanmu ya zaɓi cewa a irin wannan rauni kuɗin likita da magani yana kan wanda ya yi sanadi. Watannin da ka yi ba ka taka keke ba malaman zamani sun yi saɓani a kai, ni abin da na natsu da shi in ka iya tabbatar da asarar alƙali ya yanka maka to ka karɓa, saboda hadisin la darara wa la dirar, wato ba cuta ba cutarwa.

Inshora kuma, gaskiya ne mafi yawan malamai sun hana inshorar kasuwanci saboda garar, wato rashin tabbas ɗin da ke cikinta, sun halatta takaful, wato inshorar taimakekeniya ta Musulunci. Amma kai ba kai ka ƙulla da su ba, mai mota ne, shi ma doka ce ta tilasta masa. Kai bashi kake bin mai mota, shi kuma ya ce je ka wurin wane ya biya ka a madadina, kuɗin halal ne a hannunka. Abin da za ka bincika kawai ko takardar inshorar ta gaske ce, don ta bogi ta yi yawa, in ta bogi ce haƙƙinka bai faɗi ba yana nan a wuyan direba da mai mota.

Ka fara da sulhu, ka ɗauki Kawu da kansa da wani mai mutunci ku je wajen shugabannin ƙungiyar direbobi na tashar da ka hau, a kira mai motar a zauna, ko rabi ka ga dama ka karɓa ka yafe saura kana da ladan abin da ka bari, musamman in direban talaka ne ɗan karo da ba shi da komai, a saukaƙa masa ya biya kaɗan-kaɗan. In sun ƙi sai kotu, in ta shari'ar Musulunci za ta iya sauraro ita ce gaba, in kuma sai babbar kotun jiha saboda akwai kamfani a ciki to ba laifi tunda haƙƙinka kake ƙwatowa. Kada ka yi ta jan ƙafa don doka tana da wa'adin shigar da ƙara. Ka tattara rasit ɗin asibiti da hoton ƙashi da rahoton 'yan sanda ko na jami'an kiyaye haɗurra, da sunanka a takardar fasinjoji ta tasha, da waɗanda suka ji lokacin da kuka yi maganar taya. In kuɗin lauya ya gagara akwai ofishin ba da tallafin shari'a kyauta na gwamnati.

Amma ɗan'uwa in lauya ya ce a ƙara sifili a rasit, ko a ce ƙafar ba za ta ƙara takawa ba alhali likita ya ce za ta taka, ka ce masa a'a ko da hakan zai sa a rage maka. Annabi (SAW) ya ce wanda aka yanka masa wani abu na haƙƙin ɗan'uwansa saboda ya fi iya magana to yankin wuta aka yanka masa. In kotu ta ɗora kuɗin ruwa saboda jinkirin biya ka ware shi ka ba mabuƙata kada ka ci. Ladan lauya kuma ku yanke shi a rubuce tun kafin a fara. Ka karanta wa Kawu wannan amsa cikin ladabi, ka gaishe min da shi.

Wallahu a'alam.